Ranar Da Littafina Ya Kwanta Jinya A Titin Beirut

A wannan fitowar ba labarin soyayya na kawo muku ba, tashin hankali ne ya ɗago ni tun daga Wudil har birnin Kano.

Da asubar wata Laraba na kunna kwamfutata don in ƙarasa babi na 20 na sabon littafina, sai fuskarta ta yi shuɗi, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Gabana ya yanke ya faɗi. Wata takwas ina rubutu, ga mai ɗab'i na riga na ba shi kafin alƙalami. Na yi kuka na ƙoshi, Yaya ya ce, "Share hawayenki, ɗauko mayafi."

Muka tsallake gadar Wudil, muka shigo ta Mariri da Hotoro, adaidaita sahu ta ƙarasa da mu. Titin Beirut sunan babban birnin Lebanon ya ci, don 'yan kasuwar can, waɗanda iyayenmu ke kira Kwarori, sun daɗe a wannan yankin. Yanzu kuwa ko'ina ka waiga waya ce da caja da batir da kwamfuta, janareto na ta ruri, samari na ta kira, "Hajiya, gyara ne ko saye?"

Yaya ya kai ni wani ɗan shago da bai fi ɗakin girkinmu ba. Mai gyaran ya duba ya ce Windows ɗin ne ya lalace, sai an yi fomatin, wato a wanke ta tas a ɗora sabo. Sannan ya dube ni ya ce, "Ƙanwata, kina da ajiya a wani wuri? Fomatin ba ya barin komai fa."

Nan na tuna mako uku da suka wuce na tura wa kaina babi 17 ta imel. Sauran ukun fa? Jikina ya yi sanyi.

Bawan Allahn nan bai yi gaggawa ba. Ya soka wani filashi mai ɗauke da Ubuntu, ya tashi kwamfutar daga kansa ba tare da ya goge komai ba, sai ga fayil-fayil ɗina sun bayyana. Ya kwashe su zuwa wata ma'ajiya ta waje, ya sa na ƙirga da idona. Sai da na ce na gamsu sannan ya canza filashi, ya sa mai Windows 11, wanda ya ce ba a haɗa shi a filashin da ya gaza gigabait 8. Ya shaida min tun 14 ga Oktoba, 2025 wa'adin kulawar yau da kullum na Windows 10 ya ƙare, kuma Allah ya taimaka kwamfutata tana da ƙarfin ɗaukar sabon. Ya goge tsohon, ya ɗora sabon, ni kuwa ina ta jan carbi.

Bayan la'asar ya binciki fayil ɗin ko da ƙwayar cuta, sannan ya mayar da su. Babi na 18 ya buɗe, na 19 ya buɗe. Na 20 kuwa, wanda nake kai lokacin da abin ya faru, ya ƙi ƙememe. Na yi ajiyar zuciya na ce Alhamdulillahi, rashin babi ɗaya ya fi rashin littafi. A hanyar komawa gida na fara sake shi a takarda, har ƙarshen labarin ya sauya.

Don haka 'yan uwa, musamman ku ɗalibai masu aikin makaranta, ku riƙe kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a intanet, ga Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta. Ku riƙa buɗe ajiyar kuna gwadawa. In kuma za ku kai gyara, ku tafi da muharrami, ku zauna a yi a gabanku, don hotunanku sirrinku ne.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.