Akwatin Baba ya sake magana

Duk wanda ya daɗe yana zuwa taron ƙungiya a nan Agege ya san baƙin akwatin nan mai fuskar azurfa da ake girkewa a gefen tebur, wanda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake jona wa makirfo idan za a karanta sanarwa. Da yawa sun ɗauka lasifikar taro ce kawai. Amfilifayar jita ce, Fender Twin Reverb, ƙirar Amurka. A 1963 kamfanin ya fara fitar da irinta, masu fuskar azurfa kamar tamu kuwa sai wajen 1968 suka fito. Baba ya kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa da ke zagaya otal-otal na Legas a shekarun 1970, abin da bai cika son a tuna masa ba bayan ya bar harkar ya kama sayar da goro. Jitar ya kyautar da ita tun ba a haife mu ba. Akwatin kuwa ya ƙi rabuwa da shi.

Shekara shida bayan rasuwarsa akwatin yana bayan ƙofa a ɗakin Inna, ga nauyi kusan kilo 30, ga danshin Legas yana cin ƙarfensa. Da Inna ta gaji da share gefensa, sai wani ɗan gwangwan ya taya, don jan ƙarfen da ke cikin taransifomominsa. Mu uku 'ya'yanta maza muka roƙe ta ta ba mu wata guda. Ɗaurin auren autarmu yana tafe, muna so a yi sanarwar da akwatin mahaifinta. Ta ce ta ji, amma in watan ya cika bai yi magana ba, kada wanda ya sake yi mata zancen.

Kuskurenmu na farko shi ne gaggawa. Muka kakkaɓe ƙura, muka jona a bango. Fitilar gaba ta kama, muka yi murna. Can sai wani gurnani ya taso daga sifikokin, ko an rage murya ko an ƙara yana nan yadda yake. Ba a yi minti biyu ba ɗaya daga cikin manyan kwalabe huɗu da ke rataye a baya ta yi ja kamar garwashi, wari ya fara tashi. Yayanmu ya fizge wayar.

Ƙaninmu yana gyaran wayar hannu a Ikeja, don haka ya ɗauko sukundireba zai buɗe. Inna ce ta hana, ta ce a tafi wurin Baffa mai rediyo, aminin Baba. Wannan magana tata wataƙila ita ta tsare mana rai, domin daga baya muka ji cewa wutar da ke yawo a cikin akwatin nan takan kai bolt 450, kuma kafasitocinsa suna iya riƙe ta ko bayan an cire daga bango. Batirin wayar da ƙaninmu ya saba taɓawa ko bolt 5 bai kai ba.

Baffa ya daina aiki tuntuni, idanunsa sun yi rauni, rubutun jikin kaya ba ya ganinsa ko da gilashi. Da muka sauke akwatin a gabansa ya shafa shi, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Yarana, hannu da ido naku ne, amma ba wanda zai taɓa komai sai na ce." Abu na farko da ya sa aka ciro masa shi ne fiyus. Ya murza shi a yatsa ya yi tsaki. Wani, ba mu san ko wane ne ba, ya naɗe fiyus ɗin da silin waya tun da daɗewa, irin dabarar da kowa ya sani a gidajenmu. Shi ya sa bai tsinke ba lokacin da kwalbar ta yi ja. Da yayanmu ya ƙara jinkiri, da taransifoma ce za ta ƙone a madadinsa, kuma da ɗan gwangwan ya samu kayansa a arha.

Daga nan ya aike mu neman ƙwan lantarki na da, mai wat 100, mai zare a ciki. Sai da muka shiga shago biyar, kowa irin na zamani yake miƙo mana. Aka haɗa ƙwan a kan hanyar wutar da ke shiga akwatin, ta yadda dole ta bi ta cikinsa kafin ta isa. In akwai inda wuta ke zubewa a ciki, ƙwan zai haska sosai ya shanye ta, babu abin da zai ƙone. In lafiya, zai yi walƙiya sau ɗaya ya dushe. Muka zare kwalabe duka goma, manya huɗu masu lamba 6L6 da ƙanana shida, muka yi wa kowace alamar gurbinta, muka kunna. Ƙwan ya haska ya dushe. Baffa ya sunkuya ya shinshina babbar taransifomar, ya ce tana da rai. A nan ne muka fara numfashi.

Gurnanin bai ba shi wahala ba. Da muka kwaikwaya masa sautin da baki, ya yi dariya ya ce a buɗe murfin ƙarfen da ke jikin ƙashin akwatin. Kafin a taɓa, ya sa ƙaninmu ya tsiyaye wutar kafasitocin ta cikin razisto, ya auna da mita har ta sauka ƙasa, hannun hagu yana cikin aljihu. Wannan doka ta aljihu bai sassauta ta ko sau ɗaya ba, domin wutar da ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta ƙirji take bi. Biyu daga cikin kafasitocin sun kumbura, bakinsu ya yi farin gari. Aikinsu shi ne su daidaita wutar da ke zuwa da tsalle-tsalle ta zama shimfiɗaɗɗiya, kuma akwai ruwan sinadari a cikinsu da yake bushewa da shekaru. In ya bushe, tsallen wutar ne kunne yake ji a sifika. Duka muka canza su, har da ƙaramin da ke gefe, da sababbi daga kasuwar Alaba.

Jan kwalbar ne ya ci mana kwana biyu. Mu dai mun yanke hukunci kwalbar ce ta mutu, a nemo wata. Baffa ya ce ta yaya muka sani? Ya sa muka mayar da su, amma muka musanya wadda ta yi ja da maƙwabciyarta. In jan ya bi kwalbar zuwa sabon gurbi, laifinta ne. In ya tsaya a tsohon gurbin, laifin na gurbin ne, kuma duk sabuwar da aka sa a wurin haka za ta gasu. Aka cire ƙwan kariya, aka sa fiyus na gaskiya, aka tabbatar sifikokin suna jone, don irin wannan akwati ba a kunna shi babu sifika. Muka kashe fitilar ɗaki muka zuba ido. Lafiyayyar da muka sa a gurbin ta fara ja. Muka kashe nan take.

Bayanin da ya yi mana shi ne, kowace babbar kwalba tana da linzami: wata 'yar wuta da mita ke nunawa da alamar ragi, wajen bolt 50, da ke shiga ta ƙafarta ta biyar tana hana ta zuƙar wuta fiye da kima. Muka zare manyan muka auna gurabun. Uku sun nuna. Na huɗun babu komai. Ƙaninmu ya haska da tocilan waya, ya taɓa wani ɗan razisto mai om 1500 da ke manne a gindin gurbin da tsinken katako, sai ya rabu biyu. A irin wannan ƙira kwalaben a kife suke, zafinsu yana hawa sama yana gasa duk abin da ke kansu shekara da shekaru. Abin da ya kusa kai akwatin Baba bola bai kai ƙwayar wake girma ba, kuɗinsa ko na ruwan leda biyu bai kai ba. Muka canza na gurabu huɗun, da 'yan uwansu masu om 470 da suka yi baƙi. Muka kuma sa waya mai baki uku, saboda wasunku za su tuna yadda makirfon yake tsunkulin leɓe a wurin taro.

Kwalbar da ta fara yin ja ba ta warke ba, ta riga ta gasu. Sababbi har yanzu ana yin su a Sulobakiya da Rasha da Sin, amma ba mu samu a kusa ba, kuma ba a sa guda ɗaya, sai waɗanda aka auna suka dace da juna. Ga hidimar biki a gabanmu. Baffa ya ce a zaɓi biyu mafi lafiya a sa a gurabun waje, a bar na tsakiya a wofi, a cire sifika ɗaya don nauyin ya daidaita. Ƙarfin ya ragu, amma ya ishi rumfar biki.

Ran da muka gama, wani yaro daga cocin da ke bayan layinmu ya kawo jitarsa muka gwada. Ya ja tsirkiya ɗaya ya murɗa maɓallin amsa-kuwwa, sautin ya cika tsakar gida. Inna tana wanki, ta tsaya da hannu cikin kumfa, sannan ta tashi ta shige ɗaki. Baffa kuwa kunne ya kasa, ya ce akwai 'yar ƙara-ƙara a ɓangaren farko, mu dawo masa da shi bayan biki.

Ɗaurin auren ranar Asabar ne bayan azahar, a ƙofar gidanmu, muna gayyatar kowa. Wanda kuma yake da tsohuwar rediyo ko amfilifaya mai kwalba a ɗaki, ko ya san inda za a samu 6L6 guda huɗu, don Allah ya yi mana magana kafin ya kira ɗan gwangwan.