Ƙoton giwan ruwa

Wanda aka haifa a Tebaram ba ya gadon su. Ƙasa ce ta hatsi da wake da rijiyoyi masu zurfi, inda yaro kan girma bai ga ruwan da ya fi ƙarfin tsallakensa ba sai a ƴan makwannin damina. Shi ya sa har yau, idan dattijon nan ya koma gida da salla, tsararrakinsa sukan yi masa ba'a, su ce ga Ba'adaren da ya ajiye hauya ya kama ƙugiya. Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya kwance musu ƙullin banda.

Farin 1984 ne ya fitar da shi daga gida. Samarin Adar na lokacin Abijan suka dosa kamar yadda aka saba; shi kuɗin motarsa ba su kai ba, sai ya tsaya can kudu, bakin tabkin Ɗan Dutsi, yana yi wa wasu masunta Kabawa dako. Tabkin kansa a lokacin yaro ne. Da can ƙaramin fadama ne mai ƙafewa, kewaye da gonaki, sai ruwan daminar 1974, wadda ta biyo bayan babban fari, ya cika kwarin ya haɗiye gonakin, ya kuma ƙi tafiya. Daga baya aka zuba masa irin kifi: karfasa, da ragon ruwa, da giwan ruwa, wanda masu Faransanci ke kira kapitan.

Abu na farko da Kabawan suka koya masa shi ne, kifi ba ya cin abu guda shekara zagaye, kuma masunci na gari kafin ya dubi ƙugiyarsa sai ya dubi launin ruwa.

Da damina ruwan ja ne, don koramu sun kwaso laka daga tuddai sun juye a ciki. Kifin da ke farauta da ido ya makance ke nan. Wannan lokacin tarwaɗa ne: tana hawa cikin ciyawar da ruwa ya shafe don ta zuba ƙwai, kuma da gashin bakinta da jin wari take neman abinci. Saboda haka ƙoton damina sai mai wari, wato tana, ko gara, ko hanjin kaza da ya kwana. Ma'aikacin da ke cin farfesun tarwaɗa a Tawa da maraice watakila ba zai so ya ji ba, amma sau da yawa guntun sabulun wanki ne ya kawo masa ita cikin kwano. Sabulu yana da kirki biyu: yana jimawa a kan ƙugiya, ƙananan kifaye kuma ba su damu da tsattsage shi ba. Akwai masu shimfiɗa mamari, igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi ba ƙoto ko ɗaya, wadda ke cafke duk abin da ya gifta. Dattijon bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba; ya ce tarko ne kawai, ko makaho ya iya.

Da kaka ruwa yakan kwanta, ya soma haske. Fara ta yi yawa, kifi kuma yana son ta, sai dai mutane ma suna son ta, kuma tiyar soyayyar fara kuɗi ce a kasuwa. Shekara da shekaru suna wannan gardama da maiɗakinsa, kuma galibi ita ke yin nasara. Karfasa dai ba ta da tsada: a dunƙula dusa da laka a jefa wuri guda, a jira ta taru, a watsa birgi.

Sai dari. Daga Disamba zuwa Janairu ruwan yakan yi sanyi, jikin kifi ya mutu, ya sauka ƙasa ya rage ci. Wanda ya fita da asuba a wannan lokaci, sanyi kawai zai kwaso. Sai hantsi ya ɗaga, rana ta ɗumama bakin gaɓa, sa'an nan a sa ƙaramin ƙoto a ƙaramar ƙugiya, a yi haƙuri. Iskar hunturu kuma tana tada igiyar ruwa da ke iya kifar da kwale-kwale. Ladan wahalar shi ne, kifin dari ba ya saurin lalacewa, yana isa Tawa ɗanye, ga shi kuma da daraja tun da ya yi ƙaranci.

Amma duk wannan share fage ne. Abin da dattijon ke jira shi ne ƙarshen dari zuwa farkon bazara, sa'ad da ruwa ya yi garau, ya soma ɗumi, giwan ruwa ya farka da yunwa. Duk wanda ya taɓa haska shi da tocila da dare ba ya manta idanunsa, masu walƙiya kamar na mage. Da su yake farauta cikin duhu-duhun asuba da na magariba, lokacin da ƙananan kifaye ba su gani sosai. Yakan laɓe ne inda tudu ya gangara cikin zurfi, ko gindin kututturan itatuwan da ruwa ya ci. Kuma ba ya cin mushe. Ba tana, ba sabulu, ba dusa. Sai ƴar karfasa mai rai, kamar tsawon yatsu, a soke ta a hankali ƙarƙashin ƙayar baya yadda ba za ta mutu ba, a ɗaura igiyar a jikin gora, a sake ta tana ninƙaya. In gora ta nutse ta sake tasowa tana gudu, to, sai a bi ta da jirgi har kifin ya gaji. Giwa guda ta kirki ta fi daro cike da karfasa kuɗi.

To, a nan ne maganar take. Wannan ƴar karfasa da ake sokewa ita ce irin tabkin. Ɗan Dutsi ba shi da kogin da zai mayar masa da abin da aka kwashe, haka ma Tabalak da ke kan hanyar Agadas. In ruwa ya ɗumama, namijin karfasa kan haƙa ɗan rami a bakin gaɓa, macen ta kwashe ƙwan cikin bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Mai neman giwa ƴan karfasa goma ko ashirin sun ishe shi a yini. Amma wanda ya ja gidan sauro a wannan gaɓar, dubbai yake kwashewa a ja guda, ya shanya, ya auna da tiya. Giwa kuwa ciki gare ta: a tabkin Biktoriya na gabashin Afirka, inda aka zuba ta a shekarun 1950, ta ƙarar da ire-iren ƙananan kifaye masu yawa. A ƙaramin tabki, in ta rasa karfasa, ƴaƴanta take komawa ci. Ga shi kuma rana da iska na shanye fiye da mita 2 na ruwa a shekara a wannan yanki, kuma in ruwa ya ja baya ya yi zafi, giwa ce farkon mutuwa. Gaiwa ce kaɗai ba ruwanta, ta shige laka ta jira damina.

Hukuma ba ta jahilci wannan ba. An kafa dokar su a 1998, a 2005 kuma aka sa Ɗan Dutsi da Tabalak cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar. Sai dai takarda ba ta kwana bakin tabki, bashi kuwa yana kwana. Zaren kalli da ƙugiya duk kayan waje ne, kuma tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 dattijon bai sake sayensu kuɗi hannu ba. Wurin dillali yake ɗauka, ya biya da kifi, a farashin da dillalin ya yanke.

A wata bazara ta kwanan nan, lokacin biya ya zo, giwa ta ƙi ci kwana tara. Ɗansa na biyu ya shigo bukka da gidan sauro naɗe a hammata.

"Baba, kowa shina ja. In mun bari, wasu ka kwashewa."

"Na gani, ɗana."

"To Alhaji hwa? Mi za mu ce mishi?"

"Ni ka zuwa wurinai, ba kai ba. Maida abin ga inda ka ɗauko shi."

Hujjar yaron ba ta banza ba ce, kuma uban ya san haka. Abin da suka bari da safe, samarin wani zango sun kwashe shi kafin la'asar. Ya tafi wurin dillali ya roƙi jinkiri, aka ba shi mako biyu, da sharaɗin duk giwar da ya kama ba zai kai ta wani wuri ba. Ya sayar da akuya guda suka ci hatsi.

A rana ta huɗu da magariba, gora ɗaya ta nutse kusa da wani tsohon kututture. Sai bayan isha suka ɗora kifin cikin jirgi, shi da yaron, igiya ta yanyanka musu tafin hannu. Ya biya rabin bashin. Da daminar ta sauka yaron ya tafi Tebaram ya yi noma, bayan girbi kuma ya shiga motar Abijan.