Abin da ya riƙe mu a Damagaram

Ni Kirista ne, haifaffen Damagaram, manomin hatsi da gujiya. Ƴan mishan na SIM sun zauna garinmu tun shekarar 1924. Har yau mu kaɗan ne, amma rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi.

Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015, fushin zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ya faɗo kanmu. Aka ƙona majami'u, aka rasa rayuka. Ni da iyalina muka fake a barikin soja tare da sauran ƴan'uwa, cikin sanyin hunturu, ba bargo, ba tukunya.

A can na ga amfanin jama'a. Mai ƙwaryar fura ɗaya sai ta fara ba yaran wasu. Mai zane biyu ya ba da ɗaya. Da dare fasto ya karanta mana Zabura, mu yi addu'a, har da roƙon gafara ga waɗanda suka cuce mu. Wannan addu'a ta yi mini nauyi ƙwarai, amma ita ta sa na samu barci.

Da muka koma gida, na tarar maƙwabcina, wani malamin allo, ya tsare mini awakina da rumbuna. Ko zangarniya ɗaya ba ta ɓata ba.

To, jama'a, in wahala ta sami ɗan'uwanku, kada ku jira ya kira ku. Ku je ku zauna da shi, ko ba ku da abin ba shi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.