Wadda Take Rufe Mini Baya

A ranar 2 ga Agusta 2021, Greysia Polii da Apriyani Rahayu suka doke 'yan ƙasar Sin a Tokyo, suka ci wa Indonesiya zinaren Olamfik na farko a badminton na mata 'yan bibbiyu. Polii tana da shekara 33 a lokacin. An kore ta daga gasar Landan a 2012, ta kuma yi niyyar ajiye wasa bayan ta 2016. Sai aka haɗa ta da Apriyani, 'yar ƙauye daga Sulawesi, wadda mahaifinta ya taɓa sassaƙa wa abin bugu na katako.

Katakon bai ba ni mamaki ba. Mu ma a Kankiya da murfin tukunya muka fara. Shekaru huɗun da suka yi tare ne suka tsaya mini a rai. Wasan bibbiyu sai da sabo: ki san inda abokiyarki za ta taka tun ba ta ɗaga ƙafa ba. Tawa abokiyar, wadda take rufe mini baya a makarantar kwana, an ɗaura mata aure a Kusada muna aji biyar. Tsakanin garuruwanmu ba wata tafiya ba ce, amma ba mu sake tsayawa gefe guda na raga ba.