Shawarar da na ba Kawu a kan idonsa

Na daɗe ina koyar da ilmin halittu a sakandare, ina gaya wa ɗalibai cewa aikin suga da danginsa a jiki shi ne ba da ƙarfi kawai. Wannan guntun sani ne ya kai ni ga kuskuren da har yau yake ci mini rai.

Kawuna yana da ciwon suga. Wata rana ya ce mini, "Ɗana, kai da ka yi boko, ganina ya soma dishi-dishi." Na ce, "Kawu, shekaru ne, a sayo tabarau." Ya yarda, domin ya ɗauke ni masani. Kafin a kai shi wurin likitan ido, ƙananan jijiyoyin jinin da ke can bayan idonsa sun jima suna yoyo. Wani ɓangare na ganinsa bai dawo ba.

Sai daga baya na zauna na karanta abin da ya kamata in sani tun farko. Ashe jiki yana gini da suga, yana ƙulla shi dogayen sarƙoƙi. Ruwan nan mai kauri da ya cika ƙwayar ido yana ɗauke da ɗaya daga cikinsu, hayaluronik asid, wanda Karl Meyer da John Palmer suka fara cirowa daga idon saniya a Amurka a 1934. Fatar gaban ido kuwa, wata irin sarƙar ce, keratan salfet, ke taimaka wa zarurukanta su jeru daidai, har haske ya ratsa. Cikin jijiyoyin jinin ido da na ƙwaƙwalwa ma akwai siririyar shimfiɗa ta irin waɗannan sarƙoƙi, tana cikin masu tsare abin da bai kamata ya fita daga jini ba. Idan suga ya yi shekaru yana hauhawa, shimfiɗar tana zaizayewa, bangon jijiya ya yi rauni, kuma duk wannan ba ya zafi. Irin wannan ɓarna a jijiyoyin ƙwaƙwalwa tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Laifina shi ne na yanke hukunci a inda ya kamata in ce, "Mu je asibiti." Idan akwai mai ciwon suga a gidanku, ku kai shi a duba bayan idonsa kowace shekara, ko da yana gani tangaran.