Yadda Turawan Ingila Suka Nemi Abincin Gidansu A Ƙasar Jos

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwa masu karatu labarin Jos da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda na yi hutuna na shekara. Abin da na ke so in yi magana a kansa shi ne yadda Turawan Ingila da suka zauna ƙasar nan suka yi ta faman neman irin cimar da suka saba da ita a gida, da kuma abin da faman nan nasu ya bar mana.

Duk wanda ya shiga kasuwar Farin Gada a Jos da sassafe zai ga kabeji da karas da latas da dankalin Turawa tuli-tuli, ana ɗora wa manyan motoci, waɗansu za su Kano, waɗansu Ikko, waɗansu Fatakwal. To, jama'a, ku saurari sunayen nan da kyau. Uku daga bakin Turawa muka are su, na huɗun kuwa ga sunan masu shi nan manne da shi. Yaya aka yi suka zama amfanin gonar mutanenmu?

A zamanin da, Baturen da aka ɗauka aikin Gwamnati ya kan taso daga Libaful cikin jirgin ruwan Elder Dempster, ya yi kamar mako biyu kafin ya iso Ikko. Zai zauna wata 12 ko 18 bai koma gida ba, saboda haka tun a Landan ya ke sayen guzurinsa: madarar gwangwani, da bota, da cuku, da kifi, da biskit, da ganyen shayi. A kan shirya su cikin akwatunan katako, kowane kimanin laba 60, watau daidai kayan ɗan alaro guda. In Joji zai fita rangadi, sai ka ga jerin mutane ɗauke da abincin Ingila a ka, suna ratsa garuruwan da ke cike da kaji da ƙwai da nono. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a wannan al'amari ya ɗaure har da masu wayo.

Gwangwani kuwa ba ya maye gurbin tukunyar gida. Bota ta kan narke da zafi, gwangwani ya kan kumbura, mai ci kuma ya gundura. Shi ya sa waɗansu mata biyu, Sylvia Leith-Ross da Geneviève Ruxton, suka rubuta littafin dafe-dafe mai suna Practical West African Cookery, aka buga shi a Zungeru wajen 1910, domin koya wa 'yan'uwansu yadda za su yi abinci irin nasu da abin da ke kasuwar ƙasa. Kukunmu ma suka ƙware, har su kan yi tuwon doya mai laushi su ba maigida a madadin dankali. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan kamfanoni irin su John Holt suka yawaita a Arewa, aka sami sauƙi. A 1948 aka buɗe babban kantin Kingsway a Ikko, daga baya ya yi rassa a waɗansu manyan garuruwa. Yau ya zama labari.

Amma inda Bature ya fi samun biyan bukata shi ne Jos. Garin yana bisa tudu, tsayinsa daga bakin teku kamar ƙafa 4,000, gama ni kaina ban iya barci ba sai da bargo. Haƙar kuza ta tara Turawa da yawa a wurin tun farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya kuma ya iso a 1914. Da suka ga sanyin ƙasar ya yi kusa da na bazarar ƙasarsu, sai su da 'yan mishan suka aika gida aka kawo musu iri, suka yi lambuna a bayan gidajensu. Masu yi musu aikin lambu mutanen ƙasa ne, Birom da maƙwabtansu da Hausawa. Su ne suka ga yadda a ke yi, suka ɗauki iri suka kai gonakinsu.

Abin ya ƙasaita ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945. Jiragen ruwa suka koma ɗaukar soja da makamai, Jamus kuma tana nutsar da waɗansu, gwangwani ya yi wuya a kanti. Dole Hukuma ta waiwayi ƙasa. Aka ƙarfafa wa manoma su shuka dankali da ganyaye domin ciyar da soja da Turawa. A Vom, bayan Bukuru kaɗan, inda aka mai da hedkwatar likitocin dabbobi daga Zariya a 1924 domin yaƙi da cutar bushiya, aka shiga sayen madara hannun Filani ana yin bota da cuku, har da kyafaffen naman alade wanda Turawa ke karya kumallo da shi. Na je Vom na ga wurin. Har yanzu shi ne cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Nijeriya, a ƙauyen Chaha da ke kusa kuma ana noman wani ɗan jan 'ya'yan itace mai zaƙi da ɗan tsami da a ke kira sitiroberi, wanda Turawa ke ci da kirim.

Daga nan na bi hanyar Barikin Ladi zuwa Bokkos. Dama da hagu gonakin dankali ne, ga kuma tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa, waɗansu manoma na ja daga ciki suna ban ruwa da rani. Mafi yawan dankalin Turawan da a ke ci a Nijeriya daga wannan yanki ya ke fitowa, watau Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin. Baƙo raɓa ne, masu ƙawar dankali sun tafi, amma dankalin ya zauna. Da shi a ke biyan kuɗin makaranta, da shi a ke aure.

Abin mamaki, jama'a, abincin nan da Bature ke kira na gida shi ma yawancinsa baƙo ne a Ingila. Asalin dankali daga duwatsun Amurka ta Kudu ne, sai a ƙarni na 16 ya isa Turai. Ganyen shayinsu kuwa daga Indiya da Kenya da Sirilanka a ke kai musu. Ashe abincin gida shi ne abin da uwa ta saba ɗora wa yaro a gaba, ko daga ina aka samo shi. Mu ma ga shi mun riƙi burodi da shayi da kastad, har yaranmu ba su san baƙi ba ne.

Turawan Ingila da ke zaune cikinmu a yau ba su rabu da wannan ƙawa ba. Na ga haka a wurin waɗanda na yi aikin ofis da su. Tafiyar mako biyu ta koma ta awa 6 ko 7 a jirgin sama, amma har yanzu in mutum zai dawo daga hutu, sai ya cika akwati da shayi da cuku da Marmite. Marmite ɗin nan wani baƙin abu ne mai kauri da gishiri, wanda a ke yi da yisti tun 1902, su kan shafa a burodi. Matsayinsa a wurinsu kamar na daddawa ne a wurinmu: wanda ya tashi da ita ba ya jin daɗin miya in babu, baƙo kuwa sai ya toshe hanci. A kan sami irin kayan nan a manyan kantunan Abuja da Ikko, amma da tsada ƙwarai, balle tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Kabeji da karas da dankali kuwa, Jos ke ba su, ɗanyu, da araha.

To, ga inda na ke so shugabanni su duba. Arzikin nan yana cikin haɗari. Akwai ciwon da ke ƙone ganyen dankali da damina ya ruɓar da 'ya'yan, irin wanda ya jawo babbar yunwa a ƙasar Ailan daga 1845, shi ma yana yi wa manoman Jos ɓarna. Iri mai kyau yana da wuyar samu. Wuraren ajiya sun yi kaɗan, saboda haka manomi ya kan sayar da kaka a wulaƙance don gudun ruɓa. Mafi muni kuma shi ne kashe-kashen da aka yi a Mangu da Bokkos a 2023, waɗanda suka kori mutane da yawa daga gonakinsu. Ina roƙon Hukuma da sarakuna su tsaya tsayin daka wajen zaman lafiya, a ƙarfafa ofishin binciken dankali da ke Kuru domin iri ya wadata, a gina rumbuna masu sanyi, a kuma gyara hanyoyin ƙauye. In ba a yi haka ba, abin da muka iya nomawa da hannunmu za mu koma sayensa a gwangwani kamar Jojin da.

Iyakar abin da ke bakina ke nan. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.