Waƙoƙin Gidanmu a Akwati Ɗaya

Asabar

Yau na haɗa 'yar kwamfutar. Raspberry Pi 4 ce, samfurin 2019, faɗinta bai wuce na katin ATM ba. Wata gidauniya a Kambirij ta ƙasar Ingila ce ta ƙirƙiro su, ta farko ta shiga kasuwa a 2012, don yaran makaranta su sami kwamfuta mai araha ta koyon rubuta manhaja. Ni dai ba karatu zan yi da ita ba. So nake ta zama ma'ajiyar sautin gidan nan. Waƙoƙin da ke warwatse a wayoyi da tsofaffin katunan memori, da faya-fayan CD, da kwalin kaset ɗin Baba, duk su koma wuri guda, kowa ya kunna daga wayarsa ta Wi-Fi ɗin gida, ba sai ya ƙona data ba.

Na rufe ta cikin kwanso na alminiyam marar fanka. Ƙarfen ne ke manne da ƙwaƙwalwarta, ya janye zafin ya sake shi a iska. Abu ne da zai kwana a kunne cikin falo, ba na son ƙugi. Amma babban dalilina ƙura ce. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar ofis bayan hunturu ya san abin da fanka ke tarawa a ciki.

Lahadi

Na ɗora mata Raspberry Pi OS mai sauƙin nauyi, wadda ba ta neman allo, na maƙala faifan ajiya na SSD mai terabait ɗaya ta kafar USB. Sai zaɓen manhaja. Volumio, wadda ake yi a Italiya, ta fi dacewa da mai son akwatin ya riƙa kaɗa lasifika ɗaya a ɗaki ɗaya. Gidanmu ba haka yake ba: uwargida na kicin, yara na tsakar gida, Baba na zaure, kowa da abin da kunnensa ke so. Don haka na ɗauki Navidrome, kyauta ce, tana raba sauti zuwa wayoyi da yawa a lokaci guda. Ka rubuta adireshin akwatin a burauza, ka ƙara lamba 4533, shi ke nan shafin ya buɗe. Kafin la'asar an gama. Wannan ɓangaren da mutane ke tsoro shi ne mafi sauƙi.

Litinin

Yau na ga aiki. Na kwashe duk abin da ke wayoyin gidan na zuba, manhajar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta jera. Da na buɗe jerin mawaƙa sai na tarar wanda ya fi kowa yawan waƙa shi ne wanda ba a san sunansa ba.

Dalilin a fili yake. Manhajar ba ta sauraren waƙa. Abin da take karantawa shi ne ɗan bayanin da ke ɓoye a cikin kowane fayil: sunan mawaƙi, sunan waƙa, shekara. Mafi yawan namu kuwa daga hannun masu tura waƙa a kasuwa suka fito, ko daga WhatsApp, inda fayil ke zuwa da suna irin AUD, sai kwanan wata, sai WA da lambobi. Waɗanda ke da bayanin ma, wani mai shago ya goge sunan mawaƙin ya sa na shagonsa da lambar wayarsa. Kasuwanci ne, ban ga laifinsa ba, amma shi ba ya cikin 'yan amshin Shata.

Sai kuma rubutun suna. Wani ya rubuta Dankwairo, wani Dan Kwairo, wani Musa Ɗanƙwairo da ƙugiyoyinsa, manhaja ta ɗauke su mutum uku. Na tsai da shawara: kowane suna da haruffan Hausa cikakku, salo ɗaya. Sabon tsarin bayanin fayil na MP3 yana ɗaukar ɗ da ƙ da ɓ lafiya lau. Tsohon tsarin ne ba ya iyawa, kuma harafi 30 kaɗai yake ba sunan waƙa.

Talata

Na gwada MusicBrainz Picard, manhajar da ke ɗaukar tambarin sautin waƙa ta nemo sunanta a wata babbar taska ta intanet. Fela da Bob Marley da Ummu Kulsum, nan take ta gane su, har da hoton bangon faifai. Da aka zo kan kalangu da kotso da kuntigi sai ta yi shiru, in ban da jefi-jefi. 'Yan sa kai ne ke cika taskar, kowa na iya shigar da abin da ya sani. Mutanenmu ne ba su shigar ba.

Sai na ɗauki waya da littafi na tafi zaure. Ina kunna farkon waƙa, kafin amshi ya shigo Baba ya faɗi mai ita, da wanda aka yi wa, wani lokaci har da abin da ya haddasa ta. Akwai fayil biyu masu suna Bakandamiya da na zaci maimaici ne, har na kai hannu zan goge ɗaya.

“Kai, kar ka taɓa,” in ji Baba. “Wannan ta Narambaɗa ce, waccan ta Shata. Kunnenka bai rabe kotso da kalangu ba?”

“Baba, ai ban kunna su ba tukuna.”

“To ka riƙa kunnawa kafin ka yanke hukunci.”

Muka kai har magariba. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Sautinsu bai ɓata ba, yana nan birjik a wayoyi. Abin da ke ɓacewa shi ne bayanin da ke tare da sautin, kuma a kan dattawa irin Baba yake. Wata waƙar ta sarki ce da babu wanda zai gane shi daga kirarin sai wanda ya zauna a ƙasar a zamanin. Duk abin da Baba ya faɗa na rubuta shi a gurbin sharhi na fayil ɗin, yadda duk inda aka kwafe shi bayanin zai bi shi.

Laraba

Rana ta buɗe sosai yau. Na dafa kwanson da azahar, da ɗumi amma hannu na iya zama a kai, kuma haka ake so, alama ce zafin na fita. Ita wannan kwamfuta sai ta kai digiri 80 take rage gudu don kare kanta, raba waƙa kuwa ba aiki ne mai nauyi ba. Na dai ɗauke ta daga saman talabijin na mai da ita kan kanta inda iska ke ratsawa, na kuma roƙi uwargida kada a lulluɓe ta da ƙyallen ado. Gwajin gaske sai watan Afrilu.

Alhamis

An ɗauke wuta da tsakar dare, aka dawo da ita, aka sake ɗaukewa. Da safe akwatin ya ƙi tashi. Katin memori ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu, kuma nan tushen manhajar yake. Waƙoƙin da ke SSD ba abin da ya same su. Na mai da tushen kansa kan SSD, tunda wannan samfurin na iya tashi daga USB, na cire katin gaba ɗaya.

Maganin na ainihi batir ne. Ba kowane fawa banki ke yi ba, da yawa sukan katse na ɗan ƙiftawa lokacin da suke sauyawa daga caji, wannan kuwa ya isa ya kashe ta. Na sayi ƙaramin batir irin wanda ake sa wa na'urar Wi-Fi, mai ba da bolt 5 da amfiya 3, na haɗa akwatin da na'urar Wi-Fi ɗin a kai. Cin wutarta ba komai ba ne: ita da faifan wajen wat 5, wato ko ta kwana ta wuni wata guda ba ta cinye yunit 4 a mita ba.

Juma'a

Uwargida ta kunna jeri a cakuɗe tana aiki, daga karatun Alƙur'ani sai ga kiɗan ƙwarya ya faɗo. “Maigida, zo ka raba wannan abu naka tun kafin Baba ya ji,” in ji ta. Gaskiyarta. Karatu da tafsiri na ba su nasu lakabin da nasu jerin, cakuɗen waƙa ba ya ƙara taɓa su.

Asabar

Kaset. Na goge kan tsohuwar rikoda da auduga da sifirit, na jona ta da kwamfutar tafi-da-gidanka, manhajar Audacity na ɗauka. Babu gajeriyar hanya: kaset mai minti 90 sai ka ba shi minti 90, kana zaune kana ji, don in zaren ya naɗe ka tsayar kafin ya tsinke. Ina ajiyewa a tsarin FLAC, wanda ke matse fayil zuwa kusan rabi ba tare da zubar da komai na sautin ba. Kaset ɗaya kan ci kusan rabin gigabait, faifan na da fili. MP3 ɗin kasuwa kuwa na bar su yadda suke, mai da su FLAC ba ya dawo da abin da aka riga aka yanke.

Wasu kaset ɗin sun manne, zafi ya gama da su. Akwai wanda Baba ya ce a wani biki aka ɗauka da rikoda, ba a taɓa sayar da shi ba. Gefe ɗaya kaɗai ya fita.

Lahadi

Na kwafe komai a faifai na biyu na kai gidan ƙanena, domin SSD ma na mutuwa, kuma ba ya sallama. Yara sun koma kunna nasu na zamani daga akwatin, kuɗin data ya ragu. Baba ya koyi neman mawaƙi da kansa, ya ce a ƙara girman rubutun.

Ga mai sha'awar yin irin wannan: kwamfutar aikin yini ɗaya ce, kuma ka sayi batir kafin ka sayi babbar lasifika. In akwai kwalin kaset a gidanku da dattijon da ya san abin da ke ciki, ka soma da zama da shi tun kafin ka je kasuwa.